Daƙiƙa 20 a takarda, 16.4 a fili: nazarin lamarin wani koci ɗan sa-kai

Lamarin da za a bi diddiginsa a nan misali ne, ba tarihin wani mutum takamaimai ba, shi ya sa babu suna a ciki. Ƙa'idojin da ya ratsa ta cikinsu kuwa na gaske ne. Na ƙungiyar Special Olympics ne, mai shirya wasanni ga masu larurar ƙarancin fahimta, kamar yadda rassanta na jihohin Amurka ke aiki da su.

Kocin namu ya ba shekara arba'in baya. Ya yi tseren gudu a sakandare, ya san fili, ya san yadda ake ɗumama jiki da yadda ake tashi daga layi. Ba a biyansa ko sisi, kamar sauran masu horarwa a wannan mataki. Takardar shaidarsa cikakka ce: an binciki tarihinsa, ya yi kwasa-kwasan da ake buƙata, an sa masa hannu. Kakar wasa ta farko ke nan da aka damƙa masa tawagar guje-guje da tsalle-tsalle, mutum goma.

A cikinsu akwai saurayi ɗan shekara 19 da bai taɓa shiga gasa ba. A makon farko kocin ya gwada kowa a mita 100. Saurayin ya razana da ƙarar usur, ya tsaya yana waige-waige kafin ya tashi, ya karkata zuwa layin wani, sannan ya rage gudu tun kafin ya iso ƙarshe, domin a ganinsa ya riga ya iso. Agogo ya nuna daƙiƙa 20. Takardar rajistar gasar yanki tana da ranar rufewa, don haka kocin ya rubuta 20.0 a gaban sunan yaron, ya aika, ya manta da ita.

Sai kuma ya yi aikinsa, ya kuma yi shi da kyau. Ya daina amfani da usur na ɗan lokaci, ya koma tafi, daga tafi zuwa buga katako biyu, har kunnen yaron ya saba. Ya ajiye mazugin roba mai launin lemo taku biyar bayan layin ƙarshe, ya ce masa: "Nan za ka tsaya. Ba can ba, nan." Kalma uku zuwa huɗu yake faɗa a lokaci guda, ya nuna da jikinsa, ya jira. Mako takwas suna haka.

Ranar gasa aka sa saurayin a rukunin masu gudun daƙiƙa 19 zuwa 21, bisa abin da ke takarda. Ya kammala a 16.4, ya bar na biyu a baya da tazara mai yawa. Yana tsalle, mahaifiyarsa na hawaye. Ba a jima ba jami'in gasa ya kira kocin gefe ya nuna masa lissafi. Kashi 15 cikin ɗari na daƙiƙa 20 shi ne daƙiƙa 3, wato iyakar da aka yarje ita ce 17.0. Yaron ya ƙetare ta, bambancin ya kai kashi 18. Ba za a ba shi zinare ba. Kintinkirin halarta zai samu.

"Koci, me ya yi ba daidai ba?" in ji mahaifiyar.

"Bai yi komai ba. Takardar ce ba ta bi shi ba."

Me ya sa ake hukunta wanda ya yi gudu fiye da yadda aka zata

Duk wanda ya ji labarin nan karo na farko, ransa zai ɓaci da jami'in. Sai an fahimci yadda gasar take kafin a ga cewa da jami'in ya kawar da kai, da ya cuci mutum biyar ko shida da suka yi tsere da yaron.

Special Olympics ba ta tace 'yan wasa don fitar da gwani ɗaya. Rarraba su take yi rukuni-rukuni bisa jinsi da shekaru da kuma iyawa, kuma iyawar ce ta fi nauyi. Rukuni ba ya gaza mutum 3, ba ya wuce 8. Mizanin da ake bi shi ne kada tazarar da ke tsakanin na sama da na ƙasa a rukuni ta wuce kusan kashi 15 cikin ɗari. Na ɗaya zuwa na uku suna karɓar lambobin zinare da azurfa da tagulla, na huɗu zuwa na takwas kintinkiri mai nuna matsayinsu. Manufar ita ce duk wanda ya tsaya a layi ya kasance yana da damar ci ta gaske. Mai gudun daƙiƙa 30 yana da zinarensa da zai nema, kamar yadda mai gudun 12 yake da nasa.

Wannan tsari kacokan yana tsaye ne a kan lambar da koci ya rubuta. A manyan gasanni ana yin zagayen gwaji a wurin kafin a raba rukuni, amma a ƙananan gasanni sau da yawa abin da koci ya aiko da shi ne kawai ke hannun masu shiryawa. Ƙofar maguɗi kuwa a buɗe take: koci ya rubuta lokaci mai nauyi, ko ya raɗa wa ɗan wasansa ya sassauta a zagayen gwaji, a sa shi cikin waɗanda ya fi ƙarfi, ya kwashe zinare. Dokar yin iya ƙoƙari, wato ta kashi 15 ɗin nan da ta kama yaron, an kafa ta ne don toshe wannan ƙofa. Kuma ba ta duba zuciya. Jami'in da ke riƙe da agogo ba shi da hanyar bambance mai ha'inci da mai mantuwa, lambobi biyu kawai yake gani. Abin da dokar ta tanada wa mai gaskiya shi ne damar gyara: idan ɗan wasa ya inganta bayan rajista, koci ya aika sabon lokaci kafin a yi tsere. Kocin namu bai aika ba. Ya ma taɓa ganin yaron ya yi ƙasa da 18 a atisaye, ya yi murna, bai haɗa wannan da takardar da ya cika makonni shida baya ba.

Masu wannan harka ba sa wasa da batun gaskiyar bayanai, kuma suna da dalili. A wasannin masu naƙasa na duniya, wato Paralympics, na Sidni a 2000, wanda gasa ce daban da Special Olympics, tawagar ƙwallon kwando ta Sifaniya ta ci zinare a rukunin masu ƙarancin fahimta. Daga baya wani ɗan jarida da ke cikin tawagar, Carlos Ribagorda, ya tona cewa 10 daga cikin 'yan wasa 12 ba su da larurar. Aka karɓe lambar, aka kuma cire rukunin gaba ɗaya daga wasannin, bai dawo ba sai a Landan a 2012. Waɗanda suka yi ƙaryar daban, waɗanda suka rasa wasannin Atina na 2004 da na Beijin na 2008 daban. A ƙaramin filin gasar yanki ma haka take kasancewa: babba ya yi kuskure a ofis, ɗan wasa ya biya a fili.

Akwai kuma wani abu da ya sa sabon koci ya fi kowa faɗawa wannan rami. A farkon shekarun 1960, Dakta Frank Hayden ya yi bincike a Toronto ta Kanada kan yara masu ƙarancin fahimta. A lokacin an ɗauka raunin jikinsu daga larurar yake. Shi kuwa ya nuna rashin motsa jiki da rashin dama ne, kuma idan an horar da su suna inganta sosai. Wannan bincike yana daga cikin abubuwan da suka share fagen gasar Special Olympics ta farko da aka yi a filin Soldier Field na Shikago ranar 20 ga Yulin 1968, inda 'yan wasa kusan 1,000 daga Amurka da Kanada suka hallara, shekara shida bayan Eunice Kennedy Shriver, wadda ta kafa ƙungiyar, ta fara tara irin waɗannan yara a harabar gidanta a jihar Marilan. Ma'anarsa ga koci a yau ita ce: wanda bai taɓa samun horo ba yana iya zabge kashi 15 ko fiye a wata biyu, ba don ƙafarsa ta ƙara sauri haka ba, sai don ya daina tsoron ƙara, ya daina barin layinsa, ya daina tsayawa kafin ƙarshe. Gwargwadon ƙwarewar koci wajen koyarwa, gwargwadon saurin tsufan lambar da ya rubuta a makon farko.

Abin da ke cikin takardar shaidar

Tsarin ya ɗan bambanta daga jiha zuwa jiha, amma ginshiƙansa sanannu ne. Duk ɗan sa-kan da zai riƙa cuɗanya da 'yan wasa kai tsaye, ko ya tuƙa su, ko ya kwana da su a wurin gasa, sai an binciki tarihinsa na aikata laifi. Sai ya yi darasin gabatarwa kan manufar ƙungiyar da dokokinta. Sai darasin kare 'yan wasa daga cin zarafi, sai na gane girgizar ƙwaƙwalwa bayan buguwar kai, wanda jihohi da dama ke amfani da na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC. Bayan waɗannan ne ake zuwa na koyar da mai ƙarancin fahimta da na wasan da mutum ya zaɓa. Tsarin da aka daɗe ana bi ya haɗa da sa'a 10 na aiki da 'yan wasa a fili ƙarƙashin idon wanda ya riga shi. Yawancin waɗannan ana sabunta su duk shekara uku.

Akasarin darussan yanzu ta intanet ake yi: bidiyo, rubutu, gajerun tambayoyi a ƙarshe. Mutum na iya gama su a 'yan maraice kaɗan. Masu raina tsarin sukan ce danna-danna ce kawai. Ban yarda da su ba, kuma lamarin kocin nan da kansa ya ƙaryata su.

A tawagar tasa akwai budurwa mai son tsallen sama da ke da larurar Down, wata larura da ake haihuwar mutum da ita mai jawo ƙarancin fahimta. A mako na huɗu ya lura tana riƙe wuyanta a karkace, tana yawan tuntuɓe a inda da ba ta yi, kuma sau biyu robar ruwa ta suɓuce daga hannunta. Ba ta yi ƙorafi ba. Da ya tambaye ta ko wani wuri na ciwo, ta ce a'a tana murmushi, ta nufi katifar tsalle. Ya tare ta. "Yau ba tsalle. Zo ki riƙe mini agogo." Da yamma ya kira mahaifinta, ya ce ba za ta koma ba sai likita ya duba ta.

Daga darasin ya samo wannan. Wani kaso na masu larurar Down, ana kiyasta tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, suna da sassauci fiye da kima tsakanin ƙasusuwa biyu na farko a wuya. Yawancinsu ba sa jin komai har ƙarshen rayuwa. Amma idan ƙashin ya fara danne laka, motsin da ke lanƙwasa wuya da ƙarfi na iya jawo shanyewar jiki. Tun 1983 Special Olympics ta sa ido a kan wannan, da farko ta hanyar wajabta hoton ƙashin wuya kafin a shiga wasu wasanni, irin su tsallen sama da hawan doki da judo da ƙwallon ƙafa da faɗawa ruwa da ka. Daga baya likitoci suka ga hoton ba ya hasashen wanda zai samu matsala yadda ake zato, har ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta daina ba da shawarar yin sa ga wanda ba shi da alama a 2011. Nauyin ya koma kan lura da alamu: ciwon wuya, karkatar kai, sauyin tafiya, raunin hannu ko ƙafa, kasa riƙe fitsari ga wanda da yake riƙewa. Likita na ganin ɗan wasa lokaci-lokaci. Koci kuwa duk mako yana ganin yadda yake taka ƙasa.

Tsohon ɗan tseren sakandare ba zai san wannan da kansa ba, komai yawan lambobin da ya ci. Ba zai san cewa farfaɗiya ta fi yawa a tsakanin masu wannan larura ba, ko cewa idan ta tashi ba a cusa komai a baki, a kwantar da mutum ta gefe ne a duba agogo, in ta wuce minti biyar a kira motar asibiti. Ba lallai ya san cewa kusan rabin jariran da ake haifa da larurar Down suna zuwa da matsalar zuciya ba. Kuma da wuya ya kawo wa ransa cewa rage wa 'yar wasa hanya a motarsa, su biyu kaɗai, abu ne da darasin kariya ya yi gargaɗi a kai, ba don ana zarginsa ba, sai don masu cutar da irin waɗannan mutane da irin wannan alherin suke fakewa. A nan takardar ta biya kuɗin sabulunta.

Inda ta gaza

To me ya sa mutumin da ya gane karkatar wuya ya kasa gane tsufan lamba? Ba don ba a faɗa masa ba. Dokar kashi 15 tana cikin darasin, ya ma amsa tambayarta daidai. Bambancin yana ga yadda aka koyar da abubuwan biyu. Batun wuya an kawo shi da alamun da ido ke gani da kuma umarni guda: ka ga kaza, ka tsayar, ka kira iyaye. Batun rukuni kuwa an kawo shi a matsayin doka kan masu ha'inci. Mutum mai gaskiya ya karanta, ya ce wannan ba da ni ake ba, ya wuce. Babu inda aka ce masa: a mako na shida ka sake gwada kowa, ka ɗauko takardar da ka aika, ka kwatanta.

Sa'o'i goman da ya yi a fili ma ba su rufe giɓin ba. Ya yi su ne a lokacin sanyi, tare da tawagar ƙwallon kwando, domin ita ce ke atisaye sa'ad da ya gama darussan intanet. A wasan ƙungiya, rarrabawa da kallon wasa ake yi da gwajin ƙwarewa, ba da agogo ba. Ya koyi haƙuri, ya koyi gajarta magana, ya koyi yadda ake kwantar da wanda ya fusata. Bai taɓa zama kusa da wani yana cika takardar rajistar gudu ba. Wadda ta sa masa hannu ba ta yi ƙarya ba, sa'a goma ya yi. Adadi aka tambaye ta, adadi ta tabbatar.

A ganina nan ne raunin yake, kuma ba na wannan ƙungiya kaɗai ba ne. Tsarin ba da shaida yakan auna abin da ke da sauƙin ƙirgawa: ya kalli bidiyo, ya ci tambayoyi, ya cika sa'o'i, shekara uku ba ta cika ba. Abin da ɗan wasa ke buƙata kuwa shi ne wanda ya taɓa bin kakar wasa guda daga rajista har rumfar ba da lambobi, tare da wanda ya san inda ake zamewa. Gani ya kori ji.

Abin da kwamitin yankin ya yi

Shawarwari uku suka zo teburin. Ta farko, a ƙara darasi na musamman kan rarraba rukuni, a wajabta shi. Ta biyu, kada sabon mai takarda ya zama babban koci sai ya yi kaka guda a matsayin mataimaki a wasan da zai horar. Ta uku, a bar darussa yadda suke, a canja takarda: mai kula da yankin ya aika wa kowane koci lokutan da ya yi rajista da su kwana goma kafin gasa, ya ce ya sake gwadawa ya tabbatar ko ya gyara.

Ta biyun ita ce mafi inganci, kowa ya san haka, kuma ita aka fi jayayya a kai. Special Olympics ba ta karɓar kuɗi daga 'yan wasa, aikin a wuyan 'yan sa-kai yake, kuma da yawansu iyaye ne ko 'yan'uwa ko malaman makaranta da suka riga suka gaji kafin su iso fili. A tafiye-tafiyen gasa ana neman babba ɗaya ga kowane 'yan wasa huɗu, wanda shi kansa ba ƙaramin aiki ba ne a samu. Wata tsohuwar kociya a kwamitin ta ce idan aka ce sai an yi kaka guda ana mataimaki, to a gaya mata mataimakin wa, tunda tawagar gudun ba ta da kowa kafin mutumin nan ya zo. Da an bi wannan sharaɗi bara, da saurayin bai rasa zinare ba, domin da bai yi gudu ba sam. Kowane sharaɗi da aka ƙara yana tace mugu da sakarai, amma yana kuma korar mutumin kirkin da ba shi da lokaci. Wanda bai taɓa neman mai tuƙa mota ranar Asabar da asuba ba ne kawai zai raina wannan hujja.

Suka ɗauki ta uku nan take, tunda saƙo ne guda da ba ya cin kowa komai. Ta biyun suka sassauta ta: sabon koci zai riƙe tawagarsa, amma za a haɗa shi da gogagge a wasan, ko daga wani yanki ne, wanda zai zo atisaye sau biyu, ya kuma duba takardar rajista kafin a aika. Sa'o'in aikin fili kuma daga yanzu a wasan da mutum zai horar za a yi su. Ta farkon suka ajiye, bisa hujjar cewa kocin ya riga ya ci wannan tambaya a kwamfuta.

Ba a soke hukuncin gasar ba. Babban koci na da ikon shigar da ƙorafi a rubuce cikin ɗan gajeren lokaci bayan fitar sakamako, amma lissafin daidai yake, babu abin ƙorafi. Wanda ya zo na biyu shi aka rataya wa zinaren, kuma ya cancanta, don a rukuninsa ya yi tsere. Aikin da ya fi wuya shi ne yi wa saurayin bayani, wanda ya ga da idonsa ya riga kowa. Kocin da mahaifiyar suka daidaita a kan magana ɗaya, gajeriya, wadda ba ƙarya a cikinta: "Ka yi sauri sosai. Yanzu da masu sauri za ka yi." Ya ɗauki kwanaki yana maimaita tambayar, suna maimaita amsar ba tare da sun canja kalma ba.

A gasa ta gaba an yi masa rajista da 16.4, aka sa shi a rukunin masu 15 zuwa 17, ya zo na huɗu. Budurwar kuwa likita ya hana ta tsallen sama har sai an gama bincike, ya amince mata da tseren tafiya. Batun wajabta kakar mataimaki an ɗage shi zuwa taron shekara, bayan an ƙirga masu horarwa nawa ne takardunsu za su ƙare a bana da kuma nawa ne suka ce za su sabunta.